Gargaɗi ga masu haɗa firam a Kebbi: ku yi hattara da mai tallar gilashi a Facebook

Jama'a, abin da ya same ni nake so in faɗa, don kada wani ya sake faɗawa ramin. Ina haɗa firam ɗin hoto a gida, a nan Birnin Kebbi, na aure da na saukar Alƙur'ani da shaidar kammala karatu. Katakon ni nake yankawa, gilashi kuwa saye nake yi.

Kwanakin baya na ci karo da wani yana talla a Facebook, wai yana kawo gilashin hoto daga Kano, mai kaurin milimita 2, mara ƙyalli, yankakke daidai da awon da kake so, kuma farashinsa ƙasa da na gari nesa ba kusa ba. Da ma ina da aikin hotunan walima guda 30, masu inci 16 da 20. Muka koma WhatsApp. Bakinsa kamar zuma. "Haba Malam, ai amana ce, turo rabi kawai, in kaya sun hau mota ka cika." Ya turo hoton kwali a ɗaure a tasha, na cika masa. Araha ce ta rufe mini ido, ba zan ɓoye ba.

Da na kwance kwalin, guda uku na sama lafiya lau. Na huɗu da na ɗaga sai na ji nauyi a hannu. Na kalli gefensa, kauri ne ga kore shar, ga busasshen fenti a kusurwa, ga ƙarce kamar an ja shi a kan yashi. Na kwashi kaɗan na kai wa wani dattijo da ke yankan gilashi a kasuwa. Ko tef bai ɗauko ba, ya murza gefen da yatsa ya ce, "Yaro, wanga ba na hoto ba ne, daga taga aka ciro shi." Milimita 5 ne.

Wani zai ce ai mai kauri ya fi ƙarfi. A firam ba haka abin yake ba. Kowace milimita ɗaya ta kauri tana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita. Ke nan gilashin inci 16 da 20 mai milimita 2 bai wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba, mai milimita 5 kuwa ya haura kilo biyu da rabi. Siririn katako da ƙusa ɗaya a bangon laka ba za su riƙe shi ba, kuma ya cinye kwarmin da hoto da allon baya za su zauna. Milimita 2 ake sa wa hoto, in ya yi girma sosai a je 3.

Na ce to, a rage mini waɗanda suka wuce awo, ko na yi wani abu da su. Baba ya ɗora dayamon, wato abin yankan gilashi, a kan ɗaya ya ja, da ya zo karyawa sai tas, ya zube ƙasa kamar tsakuwa. Ashe gasasshe ne, irin na tagar gefen mota, wanda ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Allah ya tsare idanunmu ranar.

Rashin ƙyallin ma ƙarya ce. Leda ce aka manna wa ukun nan na sama, da farce na ɓare ta daga kusurwa. Na gaske a jikinsa dishi-dishin yake: in ka kwantar da shi a kan jarida rubutu ya fito sarai, in ka ɗan ɗaga shi sai rubutun ya dushe. Kauri kuma ba sai da na'ura ba, ka jera guda 10 ka auna da rula, in masu milimita 2 ne santimita 2 za su ba ka. Da na san wannan da sai mai tallar ya auna a gabana ta bidiyo kafin ko sisi ya fita.

Na kira shi, ya ce direba ne ya musanya kayan a hanyar Jega. Na ce ba ni lambar direban. Ya ce in yi haƙuri yana masallaci. Daga nan ya toshe ni.

Shekaranjiya wani abokin sana'a daga Argungu ya turo mini wata talla yana tambaya ko na san mutumin. Suna ya canza, lambar waya ta canza, amma hotunan su ne dai: gilasai jingine da bango mai shuɗin fenti, da jar darduma a ƙasa. Har da kalmar "amana" a farkon rubutun. Na kai rahoton shafin, kuma na ajiye shaidar tura kuɗin da duk hirarmu. Wanda ya taɓa yi wa haka ya yi mini magana, mu haɗu mu kai ƙara tare.