Katunan haruffan Sin ko littafin kanji na Japan?

Ɗan'uwa, in Japananci kake son koya, tsakanin katunan Sin da aka ce maka sun fi araha da littafin kanji, wato haruffan Sin da ake rubuta Japananci da su, na 'yan firamaren Japan, sayi littafin. Duka biyun sun bi ta hannuna.

Katunan na fara saya. Wani ɗan kasuwa ne ya taho mini da su daga Guangzhou, don an ce mini ai rubutun duk ɗaya ne. Ga mai koyon Sinanci ba su da laifi, iyakar abin da zan ce a kansu ke nan. Wata uku na yi ina haddarsu, ranar da na rubuta wa malamata 天气 ina nufin yanayi, sai ta zagaye harafi na biyu da jan biro ta rubuta 気 a gefe. Abin ya yi mini ciwo.

Asalin harafin 氣 ne, amma kowace ƙasa ta rage masa layuka ta hanyarta. Japan ta tsayar da haruffa 1,850 na amfanin yau da kullum a 1946, ta fitar da sababbin siffofinsu, da ake kira shinjitai, a 1949. Sin kuwa a 1956 ta fara nata gyaran, kuma askinta ya fi zurfi. A wasu haruffan sun dace, 國 ya zama 国 a duka ƙasashen, 學 ya zama 学, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Amma dubi 廣, mai nufin faɗi: Japan na rubuta 広, Sin na rubuta 广. Wasu ma Japan ba ta taɓa su ba. Mota tana nan 車, gabas 東, ƙofa 門, alhali a Sin sun koma 车 da 东 da 门. Ga kuma lafazi. Harafin 車 in yana shi kaɗai ana karanta shi "kuruma", a cikin 電車, wato jirgin ƙasa na lantarki, ana karanta shi sha. Katin Sin ba zai gaya maka ko ɗaya ba.

Littafin kuwa siriri ne, na ɗan aji ɗaya, haruffa 80 kacal, kowanne da gidajen da za ka bi sawun layukan bi da bi, lafazinsa na gefe da hiragana, wato baƙaƙen Japan masu nuna sauti. Da fensiri nake cika shafi ɗaya bayan sallar asuba. Ina cikin na aji biyu, wata safiyar sanyi a tashar jirgi, na ɗaga kai na ga 東口, bakina ya furta higashi-guchi tun kafin in yi tunani: ƙofar gabas. Tsayawa na yi ina kallon allon, farin ciki ya cika ni. Har yau littafin yana cikin akwatina. Da irinsa yaran can ke gama haruffa 1,026 a shekara shida, daga cikin 2,136 da gwamnati ta tsayar a 2010.

Kuma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet, akwai masu liƙa kalmar kanji a kwalin kayan Sinanci don su karɓi kuɗinka. Ka ce a turo maka hoton shafin ciki. In ka ga 车, ko ka ga lafazi da boko mai alamun sauti a kan wasula ba hiragana ko ɗaya, kada ka tura ko sisi. Wanda kuma bangonsa ya ce haruffa 1,945, tsohon jerin 1981 ne, kar a sayar maka da shi a kuɗin sabo.