Gargaɗi Ga Masu Mage Da Kare A Kano: Ku Guji Masu Tallan "Maganin Tsufa" Na NAD

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda yake da mage ko kare a gida, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Akwai wasu da suka cika WhatsApp da TikTok da tallan wani gari da ƙwayoyi, wai suna ƙara sinadarin NAD, mai taimaka wa jiki samar da kuzari, a jikin dabba. A bidiyon za ka ga saurayi da farar rigar likita, sai a nuno tsohon kare a kwance, can kuma a nuno kare yana tsalle a ce shi ne bayan ya sha maganin. Suna cewa yana mayar da tsohuwar dabba ƙuruciya, yana wanke ƙoda, yana gyara ido da gashi. Kwalba ɗaya N45,000, sai ka biya sannan ɗan aike ya kawo. Ba su da shago. In ka matsa sai su ce ku haɗu a titin gidan Zoo ko wajen Farm Centre.

'Yar yayata ta saya wa magenta, irin mai yawan gashin nan da 'yan mata ke ji da su, wadda ta fara tsufa, ta rage ci, ta koma yawan shan ruwa. Na riƙe kwalbar da hannuna. An liƙa takarda a kan wata takardar, babu sunan kamfani, babu adireshi. Da na goga yatsa a kan ranar ƙarewar aiki sai tawadar ta biyo ni. Lambar NAFDAC da aka buga a jiki, mun duba ba ta fito a rajistar hukumar ba. Garin kuwa ya dunƙule ya yi ruwan ɗorawa. Da magen ta fara amai 'yar yayata ta kira mai tallan, sai ya ce mata: "Hajiya, kwantar da hankalinki, dattin jiki ne ke fita, ki ƙara sayen kwalba ta biyu." Ranar da ta nemi a mayar mata da kuɗinta, ranar ya toshe lambarta.

Abin da ya sa mutane ke yarda shi ne NAD ɗin ba ƙarya ba ne. Sinadari ne da ke cikin kowace ƙwayar halitta, da shi jiki ke mayar da abinci ya zama kuzari. Tun 1906 Arthur Harden da William Young suka gano shi a Ingila, kuma jiki na haɗa shi ne daga bitamin B3. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya nuna cewa wannan bitamin na warkar da cutar baƙin harshe a karnuka, wadda rashinsa ke kawowa. Mage ma jikinta ba ya iya haɗa mata isasshen B3, dole ta samu daga abinci, to amma yana nan a nama da hanta da kifi. Magen da ke samun waɗannan ba ta jiran garin kowa.

Su NMN da NR, sinadaran da jiki ke mayarwa NAD, waɗanda ake sayarwa don ƙara shi, mafi yawan sakamakon da ake kurantawa daga ɓerayen ɗakin bincike aka samo shi. A 2024 wani kamfani da Farfesa David Sinclair na Jami'ar Harvard ke cikin waɗanda suka kafa shi ya fitar da sanarwa cewa an tabbatar maganinsa na juyar da tsufa a karnuka. Masana 'yan uwansa suka yi masa ca, suka ce binciken bai kai a faɗi haka ba. Aka gyara sanarwar, shi kuma a watan Maris na shekarar ya sauka daga shugabancin ƙungiyar masu binciken tsufa da yake jagoranta. To in farfesan Harvard bai sha ba da ya faɗi wannan magana, ina ga wanda ko shago ba shi da shi?

Ni ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, lokacin da aka ɓata ne. Tsohuwar mage da ta rame, take yawan shan ruwa da yawan fitsari, abu na farko da likitan dabbobi zai bincika shi ne ciwon ƙoda, don yana cikin cututtukan da suka fi kama maguna in sun manyanta. Ba ya warkewa, amma in aka gano da wuri ana lallaɓa shi da canjin abinci da ƙarin ruwa, dabba ta samu sauƙi. Ita magen 'yar yayata sai da ta kasa tashi sannan aka kai ta wajen likita, ya ce ƙodar ta riga ta yi nisa. Yarinyar nan tun magen tana jaririya take rainonta. Dabba amana ce a hannunmu, ba ta da bakin da za ta ce abin nan yana cutar da ita.

Sannan babu wanda ya san abin da ke cikin garin. Farasitamol da muke sha kullum, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. Wani abin zaƙi da ake kira xylitol, wanda ake sa wa a cingam da wasu magungunan taunawa na mutane, yana karyar da sukarin jinin kare, yana kuma iya lalata masa hanta. Wanda ya iya buga lambar NAFDAC ta bogi ba zai tsaya tunanin wannan ba.

Yanzu kuma sun ɓullo da wata: wai ka zama wakilinsu a unguwarku, ka sayi katan guda, ka kawo mutum uku a ba ka kamasho. Masu gadi da mafarauta da masu kiwon karnukan sayarwa su suka fi bi da wannan. Duk wanda ya shiga, shi zai kwana da kayan, kuma shi maƙwabta za su kama in dabbarsu ta mutu.

In dabbarka ta canja, ka kai ta asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale ko Kundila, ko wajen likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, ya duba ta da idonsa. Kaɗan daga cikin kuɗin kwalbar nan ya isa a yi wa kare allurar rigakafin haukan kare ta shekara, a ba shi maganin tsutsa da na kaska, kuma allurar nan 'ya'yanka ma take karewa.

Wanda ya riga ya saya, ya daina bayarwa yau. Kada ya jefar da kwalbar, ya tafi da ita wajen likita. Ya ajiye shaidar tura kuɗi da hoton hirarsu da lambar asusun da ya biya, ya sanar da bankinsa, sannan ya kai ƙorafi ofishin NAFDAC na Kano.