Shafa-ka-goge ko kankarewa da sanfefa: wanne ya dace da ƙofar ƙarfe?

Hajiyar da ke son ƙofarta ta ƙarfe a Gwarimpa ta fito kamar ta zauren kaka da kakanni, wadda mai fenti ɗaya ya ce mata a shafa launi mai duhu a goge, ɗayan ya ce a kankare gefuna har fentin ƙasa ya leƙo: ki ɗauki na farkon.

Kankarewa aikin katako ne. A kan ƙarfe, hannu na ɗan zarcewa an kai ƙarfen tsirara, damina ɗaya kuma tsatsa ta kama wurin ta bi ƙarƙashin fenti tana ɗaga shi. Saurin gamawa ne kawai abin yabonta.

Shafa-ka-goge bai taɓa rigar da ke kare ƙarfen, ƙari ma yake yi a kanta. Duhun yana kwanciya a lunguna da cikin zane, tsakiya ta yi haske, daidai yadda shekaru da hannuwan mutane ke yi wa ƙofa. Idan ya yi kyau, baƙo sai ya ƙwanƙwasa kafin ya yarda ba katako ba ne.

A kwance hannu da makulli, a wanke ƙofar da Omo ta bushe, a bi ta da sanfefa lamba 220 har sheƙin ya mutu. Inda akwai tsatsa a goge har ƙarfe ya yi fari, a sa jan fentin nan mai hana tsatsa. Sai fentin mai marar sheƙi sosai, ruwan madara ko kore mai dishi-dishi, shafi biyu, kwana ɗaya tsakani. Ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsawon mita 2.1, lita ɗaya ta ishe ta ciki da waje. Daga nan a ƙyale ta kwana biyu cur, uku idan ana ruwa. Nan masu gaggawa ke ɓata aiki: fentin ƙasa bai ƙeƙashe ba, tsumma ya kwaso shi, launuka biyun su cakuɗe su zama taɓo.

Haɗin duhun da ƙaramin gwangwanin tumatir ake auna shi: ɗaya na fentin mai ruwan ƙasa mai duhu, ɗaya na banish, biyu na tafentain, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi. Kada a yarda a zuba tina irin wanda ake tsinka fentin mota da shi, zai narkar da abin da ke ƙasa. Baƙi zalla ma ban so, don ƙofar sai ta yi kamar wadda ta sha hayaƙin murhu. A shafa da buroshi fanni ɗaya, a tura shi cikin lungu, a jira minti biyu zuwa uku, a goge da tsumman auduga daga tsakiya zuwa gefe, ana juya tsumman. Kada a shafe ƙofar duka lokaci guda, kafin a kai ƙasa sama ya kama. Inda ya yi yawa, ɗan tafentain a tsumma zai ɗauke shi. A ƙara goge kusa da hannu, a bar duhu ya fi yawa a ƙasa da wajen hinji. Bayan kwana biyu a rufe da banish na waje marar sheƙi, shafi biyu. Na cikin ɗaki ba ya jure rana, ɓarewa yake yi, balle ƙofar da ke kallon yamma.

Idan ƙofar ta faiba ce, wato mai kama da roba, ba ruwanta da jan fenti tunda ba ta tsatsa. Sanfefa 320 sama-sama, sai andakot, wato fentin shafin farko, irin wanda ke mannewa a roba. Zanen katakon da ke jikinta shi ke riƙe duhun, don haka kada a bari sanfefa ta cinye zanen.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Ko a kasuwar Dei-Dei za a sayo fentin ko a shagon unguwa, a duba murfin gwangwani: idan bakinsa ya lanƙwashe, mai yiwuwa an taɓa buɗewa. Akwai masu tsinka fenti da kananzir su mayar su rufe, irinsa sai ya yi kwanaki yana danƙo. Akwai kuma masu miƙo jan fenti na gama-gari a matsayin mai hana tsatsa. Ita kanta ƙofar, ki sa a ɗan kankari bakinta na sama da wuƙa. Wasu masu kamar katako leda ce aka manna musu, idan ta fara ɗagowa dole a ɓare ta duka kafin buroshi ya taɓa.

Da hunturu a yi aikin da safe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kuma mai fentin ya fara gwadawa a fannin ƙasa ta ciki, ki gani da idonki kafin ya taɓa fuskar waje.