Tarin fina-finan Raj Kapoor a memori ɗaya

Tarin nan na Raj Kapoor, jarumin fina-finan Indiya, da masu turi ke zuba wa mutane a memori ya ci kuɗinsa, sai dai ba duka fina-finan ne suka zo lafiya ba. A nawa an zuba min Barsaat na 1949, Awaara na 1951, Shree 420 na 1955, Sangam na 1964, da Mera Naam Joker na 1970.

Awaara kaɗai ya isa dalilin saye. Hoton baƙi da fari ne, amma tas yake. A wurin shari'a, lokacin da Nargis, a matsayin lauya Rita, take titsiye alƙali Raghunath da tambaya kan matar da ya kora tana da ciki, kana ganin yadda fuskarsa ke ɗaurewa, girman kai da kunya suna kokawa a idonsa. Wanda ya fito a alƙalin Prithviraj Kapoor ne, mahaifin Raj na jini, ga ɗan kuma a gabansa a matsayin ɓarawo. Shi ɗan ne kuma ya ba da umarnin fim ɗin, a kamfaninsa na R.K. Films da ya kafa a 1948 bai kai shekara 25 ba. A wannan kwafin ne na gane gwanintarsa wajen ajiye kyamara da sarrafa inuwa ta kai ta wasansa.

Shree 420 ma ya fito da kyau. Tafiyar nan ta Raj irin ta Charlie Chaplin, da wando ɗangalalle, har yanzu tana sa dariya da tausayi a tare. Sautin ne ya ɗan dushe a waƙar ruwan sama, inda shi da Nargis ke ƙarƙashin lema ɗaya. Sangam, fim ɗinsa na farko mai kala, ya koɗe. Barsaat ba laifi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne Mera Naam Joker. Fim ne da ya haura awa huɗu, mai hutu biyu, wanda Raj ya zuba dukiyarsa a ciki ya tafka asara. Kwafin da aka ba ni an datse tsakiyarsa, labarin Marina 'yar Rasha ya tafi kusan gaba ɗaya. Wannan zalunci ne ga aikin.

Babu fassarar Hausa, sai rubutun Turanci a ƙasa. Kafin ka biya, ka sa mai shagon ya buɗe kowane fim ka duba tsawonsa, musamman Joker.