Manhajar auna hargitsi: lissafinta daidai, bayaninta da gyara

Manhajojin waya masu nuna hargitsi a lissafi, wato inda tsayayyiyar ƙa'ida ke fitar da sakamako mai wuyar hasashe, suna da yawa, amma akasarinsu ado ne kawai. Su zana maka siffar nan mai kama da fukafukan malam-buɗe-littafi da lissafin masanin yanayi Edward Lorenz ke fitarwa, ka sha kallo, ka rufe ba ka ƙaru da komai ba. Wadda nake koyar da ɗalibaina da ita bana ta fita daban, don ita awo take yi.

Ɗauki ƙa'idar da Robert May ya fito da sunanta a 1976: a ɗauki lamba x tsakanin sifiri da ɗaya, a ninka ta da (1 − x), a ninka da wata lamba r, abin da ya fito shi ne sabon x, a sake. Manhajar na barin ka ja r da yatsa. Ƙasa da 3, lambar takan zauna wuri guda. Da ka haura 3 sai ta shiga kai-komo tsakanin ƙima biyu, sannan huɗu, sannan takwas, har wajen 3.57 inda abin ke dagulewa. A ƙasan allo kuwa ga ma'aunin Lyapunov, wato saurin rabuwar mafari biyu masu kusanci da juna. In ya gaza sifiri, haɗuwa suke yi. In ya haura, ɗan kuskure girma zai yi ta yi. A r = 4 ta ba ni 0.693, ma'ana tazarar na ninkuwa biyu kowane mataki, kuma amsar ke nan. Abin da ya fi burge ɗalibai shi ne wajen 3.83, inda ma'aunin ke sake nutsewa ƙasa da sifiri, tsari ya dawo a tsakiyar ruɗani.

A tsarin Lorenz na 1963 ma, mai fitar da fukafukan nan, tana kai ma'aunin kusan 0.9, sai dai da haƙuri, waya kuma na ɗaukar zafi.

Inda na raba gari da ita shafin bayani ne. Wai hargitsi shi ne rabuwar mafari, shi ke nan. To ai in kana ninka lamba biyu-biyu ma tazara na ƙaruwa, alhali ba hargitsi a ciki, gudu ne kawai babu waiwaye. Ma'anar da Robert Devaney ya bayar a 1986 ta ƙara sharuɗɗa biyu: tafiyar ta riƙa ratsa kowane lungu na filinta, kuma a samu zagaye masu maimaituwa kusa da ko'ina. A 1992 ma an tabbatar cewa waɗannan biyun ne ke haifar da rabuwar.

Malami zai more ta. Mai koyo shi kaɗai kuwa, ya yarda da lambobinta, ma'anar ya neme ta a littafi.