Hattara da masu sayar da sikolashif ɗin Amurka a WhatsApp

Iyaye da yaran da suka gama sakandare, don Allah ku tsaya ku karanta. Na daɗe ina jin irin wannan labari a bakin mutane ina cewa Allah ya kyauta, sai ga shi ya shigo har cikin gidanmu.

Ɗan yayata ne. Yaro mai ƙoƙari, sakamakonsa na WAEC ya yi kyau ƙwarai, kuma tun yana aji biyar ba shi da zance sai karatun injiniya a waje. Wani abokinsa ya saka shi a wani guruf na WhatsApp, wanda mai shi ke kiran kansa wakilin jami'o'in Amurka da Kanada. Kullum sai ya ɗora hoton wani yaro da akwati a filin jirgi, ko muryar wata uwa tana kuka tana sa masa albarka. Alkawarinsa ɗaya: gurbin digirin farko da cikakken tallafi, tabbas, in bai samu ba a mayar maka da kuɗinka.

Da naira dubu arba'in aka fara, wai kuɗin fom. Bayan mako guda ya ce a biya kuɗin cike FAFSA, wai fom ɗin neman tallafin karatu. Kwana tara da haka sai ga takardar samun gurbi, da tambarin jami'a da sa hannu, har da "taya murna" a sama. Ranar Yaya har sadakar waina ta yi. Daga nan kuɗi ya fara nauyi: na riƙe gurbi, na takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita, na inshora, na "mutuminmu na ofishin jakadanci". Ta kwashi adashinta, ta sayar da sarƙa da ɗankunnen da ta ajiye tun na aure. Kafin maganar ta iso kunnena an haura miliyan biyu, kuma duk a asusun mutum ɗaya aka zuba, a wani bankin waya.

Na tambaye ta, "Yaya, me ya sa ba ki gaya min ba?" Ta ce mutumin ne ya ce a rufe maganar har sai biza ta fito, saboda baki da mahassada. Kun ji inda ya kama su. Ya san halinmu sarai, ya san ba ma son a ji tafiyarmu kafin ta tabbata, sai ya mayar da wannan ɗabi'a katangar da zai ɓuya a bayanta.

Abin da na yi bai fi minti goma ba. Na shiga ainihin shafin jami'ar, na ɗauki adireshin imel na ofishin ɗaukar ɗalibai, na tura musu takardar. Kwana uku suka amsa: babu mai wannan suna a cikin masu nema, kuma takardar ba tasu ba ce. Na kira ejan ɗin, ya ce yana taro zai neme ni. Da yamma ya cire yaron daga guruf ya toshe lambobinmu duka.

To bari in faɗa muku inda ƙaryar take, don ku gane ta ko da ta sake riga.

FAFSA fom ne na gwamnatin Amurka, na 'yan ƙasarta da wasu masu izinin zama na musamman. Yaron da zai tafi daga Kano ko Maraɗi da bizar ɗalibi ba ya cikin masu cin wannan tallafi, kuma ko su da ake yi dominsu kyauta suke cikewa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan FAFSA, tun daga nan ka san da wa kake magana. Tallafin ɗalibin waje galibi daga aljihun jami'ar kanta yake fitowa. Da yawansu suna neman ka cike fom ɗin neman tallafi mai suna CSS Profile, na wata ƙungiya da ake kira College Board, dala 25 a makarantar farko, dala 16 a kowace ƙari, kuma a shafinsu ake biya kai tsaye. Shi kuwa Common App, inda ake neman gurbi a makarantu fiye da dubu, buɗe shi ba a biyan ko sisi. Wasu makarantun suna da kuɗin nema, wasu babu, kuma marar hali yana iya roƙon a yafe masa.

Maganar "tabbas" kuwa, ita ce ta fi ba ni haushi. Gaskiya ne akwai irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst da ba sa duba talaucinka wajen ɗauka, kuma in sun ɗauke ka sai su cike abin da iyayenka suka gaza. Amma kaɗan ne cikin ɗari na masu nema suke samun shiga, daga duniya baki ɗaya. Wanda ke zaune a shago da kwamfuta ɗaya ne zai ba ka tabbaci a kansu? Sannan harkar tana da lokacinta: masu sammako suna miƙa takardu wajen 1 ga Nuwamba, sauran farkon Janairu, amsarsu ta zo wajen ƙarshen Maris. Gurbi da cikakken tallafi cikin kwana tara, ba maƙala, ba wasiƙar malamai, ai ko JAMB ba ta da wannan sauƙin.

I-20 kuma makaranta ce ke bayarwa bayan ta ɗauke ka, ba a sayenta a hannun ɗan tsakiya. Kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, dala 350 ne, a shafin gwamnatin Amurka ake biya da lambar da ke jikin I-20 ɗinka. Kuɗin neman biza dala 185.

Amma babbar dabararsa ba a kuɗi take ba. Tun ranar farko shi ya buɗe wa yaron sabon imel, shi ya riƙe lambar sirri, wai don kada yaro ya yi kuskure. Da wannan ya rufe musu ido. Duk abin da ya tura musu shi ne gaskiya, tunda ba su da wata taga da za su leƙa. Da a ce yaron ne da kansa ya buɗe Common App, da ya ga babu abin da aka miƙa ko'ina. Ko mutumin kirki ne yake taimaka maka, imel naka ne, lambar sirri taka ce, ka zauna kusa da shi ya nuna maka kana dannawa.

Mu namu ma da sauƙi, kuɗi kawai muka rasa. Na gaba a jerinsa shi ne haɗa wa yaron takardar banki ta bogi don ganawar biza. A dokar Amurka, wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza ana iya hana shi shiga ƙasar har abada, kuma sunan yaron ne a takardar, ba na ejan ba. Ku tuna abin da ya samu ɗalibai 'yan Indiya a Kanada a 2023: wani ejan a garin Jalandhar ya ba su takardun gurbi na jabu, suka tafi, suka yi karatu a wasu makarantun, wasu har sun fara aiki. Sai da suka nemi izinin zama na dindindin, shekaru bayan haka, asiri ya tonu, aka fara maganar korarsu. Tun Disamban 2023 Kanada ta wajabta wa makarantu su tabbatar mata da kowace takardar gurbi kafin ta ba da izinin karatu.

Ga kuma sabon yanayi. A Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su sabuwar bizar ɗalibai. Mutum zai zaci wannan zai kashe kasuwar 'yan damfara. Ina! Yanzu "hanya ta musamman" suke tallatawa, da farashi ninki biyu.

Mai son shawara ta gaskiya, akwai EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, a ofishin jakadancin Amurka na Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas, su ne za su faɗa maka halin da ake ciki. Tallafin gidauniyar Mastercard ta jami'o'in da take hulɗa da su ake nema, kuma ba ta karɓar kuɗi. Sa'annan jami'o'i suna amsa imel, na gwada na gani.

Mun tattara rasitai da hotunan hirarsu mun kai ƙara, mun kuma sanar da bankin. Yaron ya sake yin rajistar JAMB. Yaya ba ta cika son a tayar da zancen ba.

Guruf ɗin yana nan, suna kawai aka canja masa da hoton fuska. Abokin nan da ya saka ɗanmu yana ciki har yanzu, shi ya nuna min wayarsa shekaranjiya: wata baiwar Allah ta ɗora rasit na dubu arba'in, tana tambaya yaushe za a fara cike wa 'yarta fom.