Codespell ko manhajar gyaran Turanci ta kuɗi: wacce ta dace da direban amdgpu?

Malam, idan abin da ke gabanka shi ne tsince tuntuɓen alƙalami daga bayanan da masu rubuta direban amdgpu (manhajar da ke sa katin hoto na AMD ya yi aiki a Linux) suke bar wa juna a cikin kod, to codespell, manhajar kyauta mai gano kurakuran rubutu a kod, za ka ɗauka, kuma ba ka da dalilin kashe ko sisi a kan manhajar gyaran Turanci da ake biyan kuɗinta duk wata.

Bambancin yana cikin yadda kowacce take aiki. Manhajar kuɗin tana riƙe da ƙamus na kalmomin da ta yarda da su, saboda haka duk abin da ba ta sani ba sai ta ja masa layi, alhali kod ɗin katin hoto cike yake da sunayen rajista da gajerun laƙabai irin su SDMA da VCN waɗanda babu ƙamus ɗin da ya san da zamansu. Codespell kuwa ta bi ta wata hanya dabam: jerin sanannun kurakurai take riƙewa, kowanne da gyaransa a gefe, kamar "recieve" da ake rubutawa a maimakon "receive", kuma duk kalmar da ba ta cikin jerin ba ruwanta da ita. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka duba asalinta, domin Lucas De Marchi ne ya fara rubuta ta, shi ne kuma a 2011 ya yi amfani da ita ya aika wani babban faci, wato fayil na gyaran kod, da ya share kurakuran rubutu a sassa da dama na Linux, sannan daga baya ya yi aiki a kan direbobin hoto na Intel. Mai aikin kanel, wato zuciyar Linux, ne ya yi ta domin aikin kanel, har ma checkpatch.pl, wanda ake duba faci da shi kafin a aika, yana iya ɗauko jerinta ya ƙara a kan nasa na spelling.txt.

Ni da ita nake aiki a kan tsohuwar kwamfutata mai katin AMD. Ranar da na sake ta a kan wani ƙaramin reshe na drivers/gpu/drm/amd, kafin shayina ya huce ta ajiye mini gajeren jeri wanda na karanta layi bayan layi, na watsar da kaɗan da suka kasance laƙaban na'ura ne, na gyara sauran, kuma mai kula da sashen ya karɓi facin ba tare da ya nemi in sake komai ba. Ita kuwa manhajar kuɗin, na biya mata na 'yan watanni, tana da amfani wajen rubuta wasiƙar neman aiki, iyakar abin da zan faɗa a kanta ke nan.

Sai dai ka sani cewa codespell ba ta ɗauke maka karatu ba, kuma a nan ne sababbin shiga suke yin ɓarna. Tana da umarnin -w da ke sa ta gyara fayiloli da kanta, kuma ban ba ka shawarar ka sake ta haka a kan direba guda ba, domin ba ta bambanta bayani da sunan aiki (function) ko na ma'ajiyar ƙima (variable) a cikin kod. Kuskure a cikin bayani ba ya taɓa abin da na'ura ke gudanarwa, amma idan yana cikin suna, gyara shi a wuri ɗaya a bar sauran wurare yana hana kod ɗin harhaɗuwa gaba ɗaya, wato juyewa zuwa abin da na'ura za ta iya gudanarwa. Sunayen da ke ƙarƙashin include/uapi/drm kuwa kada ka taɓa su ko da kuskurensu yana tsone maka ido, saboda manhajojin waje irin su Mesa, mai sarrafa zanen hoto a Linux, sun dogara da su kamar yadda suke. Haka kuma ka tsallake manyan fayilolin rajista da ke cikin asic_reg, domin na'ura ce take fitar da su, su ne ma suka sa amdgpu, wanda ya shiga Linux tun fitowar 4.2 a 2015, ya kai miliyoyin layuka. Rubutun Ingila da na Amurka duk ana samun su a kanel, don haka mayar da ɗaya zuwa ɗaya ba gyara ba ne, kuma a nan ma codespell ta fi hankali, domin ba ta kula wannan sai ka umarce ta.

Wajen aikawa, ka haɗa kurakuran reshe ɗaya a faci ɗaya maimakon ka yi wa kowace kalma nata, ka fara taken da drm/amdgpu kamar yadda na gaba da kai suke yi, ka sa layin Signed-off-by mai ɗauke da sunanka da imel ɗinka, sannan ka bar get_maintainer.pl ya gaya maka waɗanda za ka aika wa ta imel. Masu kula da direba suna karɓar irin wannan gyaran, amma kowane layi da aka taɓa yana iya wahalar da su idan za su mayar da gyaran wata matsala zuwa tsofaffin fitowar kanel, shi ya sa ba sa murna da ambaliyar ƙananan faci.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu tallar kwas da alƙawarin sa sunanka a cikin Linux cikin mako guda, domin abin da suke sayarwa shi ne wannan umarnin na codespell da ke kyauta, kuma ɗalibansu sukan aika faci iri ɗaya a kan fayil ɗaya. An ga irin wannan a Hacktoberfest, shirin da ke ƙarfafa mutane su ba da gudummawa ga manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe ga kowa, na 2020, lokacin da masu neman rigar kyauta suka cika ayyukan jama'a da gyare-gyare marasa amfani har masu shirya shi suka sauya ƙa'ida. Masu sayar da manhajar kuɗin da aka fasa makullinta a farashi mai rahusa sun fi waɗannan haɗari, domin ba ka san abin da suka cusa a ciki ba, kuma a kan kwamfutar da kake ajiye kalmar sirrin imel ɗinka za ka girka ta.

Ka girka codespell ta hanyar pip, mai girka manhajojin Python, ko daga ma'ajiyar Linux ɗin da kake amfani da shi, ka gudanar da ita da -w tare da -i 3 domin ta riƙa tambayarka kafin kowane gyara, ka fara da reshe ɗaya, kuma ka harhaɗa direban ka tabbatar yana aiki kafin ka aika komai.